Hudar Cibiya

Ƙanwata tana aure a Zugu. Wani ƙari ya fito mata a ƙwan mahaifa, aka tura ta wani asibitin kuɗi a Sakkwato, inda ba a tsaga ciki: ana huda cibiya ne, a zura ƙarfe mai kyamara a yi aikin. Mijinta ya tafi ci-rani, don haka yayansa ne ya kai ta.

Likita ya tambaya ko an taɓa yi mata tiyata a ciki. An taɓa. Tana ƙarama aka ɗinke mata ƙabar cibiya, amma tabon ya ɓace cikin tsagar wanzami. Yayan mijin ya san da haka, domin Inna ta faɗa masa kafin su tashi. Ya ji ana cewa mai tsohon ɗinki sai an ƙara bincike, shi kuwa yana son a sallame su ya koma gida kafin hanyar Bukkuyum ta yi tsit. Ya ce, “Ba a taɓa ba.” Ƙanwata ba ta ƙaryata babban wa a gaban baƙo. Ta sunkuyar da kai.

Hanjinta ya manne da tsohon ɗinkin, ƙarfen ya shige shi. Ba a gane ba sai da cikinta ya kumbura a gida. Ta rayu, amma yanzu bayan-gidanta ta gefen ciki yake fita, cikin leda. Muka dawo da ita gida Gummi.

Bana yayan mijin ya sami kujerar Makka, ya zo neman yafiya kamar yadda maniyyata suke yi. Na shimfiɗa masa tabarma daf da gadonta, a lokacin da nake canza mata leda. Da gangan na ƙi buɗe taga.

“Yaya Babba, ko in jira waje?” ya tambaye ni.

“Zauna, Malam. Yau ba ka sauri.”

Ya zauna yana haɗiyar yawu har na gama. Sannan ya dube ta ya ce, “Ƙanwa, a yafe mini. Ƙaddara ce.”

Inna ta ce daga bakin ƙofa, “Ke, ki yafe mashi, Ɗakin Allah za shi.”

Ƙanwata ta dube ni. Na san da na gyaɗa kai za ta yafe. Na ci gaba da wanke hannuna a kwano.

“Ka sauka lafiya, Yaya,” ta ce, ta juya fuskarta bango.

Ya jira sauran maganar, ba ta zo ba. Ni na naɗe tabarmar tun kafin ya gama sa takalmi.