Wayar da Taubashina Ya Kawo Daga Kalgo

Duk tsawon rai da Allah zai ba ni, ba na tsammanin ranar nan za ta goge daga zuciyata. A lokacin ni ne magatakarda mai kula da bayanan ma'aikata a wani ofishi a Gwandu, taubashina kuma, ɗan kawuna, yana riƙe da irin wannan kujera a reshenmu na Kalgo. Sai labari ya zo cewa wani babban jami'i zai zo daga Birnin Kebbi ya zaɓi ɗaya daga cikinmu, wanda ya fi sanin kwamfuta, ya shugabanci sashen adana bayanai a hedikwata.

Ana cikin wannan jira ne wutar lantarki ta zo da ƙarfi ta ƙona akwatin da ke rarraba wuta a cikin kwamfutar ofishinmu, wanda masu gyara ke kira fawa. Aka sayo sabo, na ɗaura shi da hannuna, na danna maɓalli. Shiru. Ko fanka ba ta motsa ba.

Ban yi gaggawar ɗora wa sabon akwatin laifi ba. Na sauya soket, na sauya wayar bango, sannan na ciro akwatin na gwada shi shi kaɗai, fankarsa ta juya lafiya lau. Daga nan na ajiye tsohon da sabon a kan tebur, na bi wayoyinsu launi bayan launi. A nan na gano matsalar. Kwamfutar irin wadda kamfani ke haɗowa a kammale ce, kuma sun jera wayoyinta ba yadda na kasuwa suke ba. Bakin wayar yana shiga daidai, amma wutar ba ta zuwa inda ake jiranta. Abin da ake bukata shi ne wata gajeriyar waya mai daidaita tsarin biyu.

Na tuna cewa 'yar'uwar wannan kwamfuta tana yashe a siton Kalgo tun da tsawa ta kashe ta, kuma an taɓa yi mata irin wannan gyara. Na hau babur na tafi.

"Taubashi, yau bawa ya zo gaishe da ubangidansa?" in ji taubashina da na isa ofishinsa, yana miƙe ƙafa.

Na bayyana masa bukatata. Ya ce, "Wace waya kuma? Ni duk macizai nake gani a ciki." Ni na buɗe murfin, ni na nuna masa ita da yatsa. Sai ya riƙe hannuna, ya ce kayan ofis ba ya fita sai da mai ofis, zai kawo da kansa. Ganin ƙa'ida ce, ban yi musu ba.

Bai tashi kawowa ba sai ranar da jami'in ya iso, yana tsaye a kaina yana duban baƙin allo. Taubashina ya shigo cikin farar shadda, ya zaro wayar daga aljihu, ya cusa ta inda na nuna masa, ya danna maɓalli. Allo ya haska.

"Malam, kai ka gano wannan?" jami'in ya tambaya.

"Ranka ya daɗe, ɗan abin da Allah ya hore ne. Wannan bawan nawa ya kwana biyu yana kokawa da ita, na ce bari in zo in 'yanta shi."

Kowa ya yi dariya, har da jami'in. Bakina ya cika da bayani, amma a wajenmu wanda ya mayar da wasan taubashi ƙara a gaban manya shi ne marar tarbiyya. Na yi murmushin da har yau nake jin ɗacinsa.

Shi aka ba kujerar. Na je na yi masa barka kamar yadda zumunci ya tanada, na ga sabuwar kwamfuta a gabansa, na dawo Gwandu ban iya cin tuwo ba. Yanzu haka Injiniya ake kiransa.

Abin da na koya shi ne, jama'a ba sa ganin wanda ya bi wayoyi, hannun da ya danna maɓalli suke gani. Tun daga ranar, in na gano wata matsala, sai na faɗe ta a gaban shaidu kafin in nemi taimakon kowa, ko da kuwa ɗan kawuna ne.