Agogon Mai Ɗakinsa

A bakin kemis ɗin kasuwar Gezawa nake ganinsa, dattijo ramamme, riga sharkaf da gumi, ƙasar gona har gwiwa. Ya jingine keke, yana miƙa wa mai kemis hannu. Agogo ne ɗaure a hannun, mai auna bugun zuciya, wataƙila ɗansa ne ya aiko daga birni, asibiti kuwa ya gagara.

"Malam, na mai ɗakina ne, tana kwance. Tun safe lambar ke hawa, shi ne na ɗauro na kawo maka. Ɗari da talatin, me yake nufi?"

"Baba, ai yanzu zuciyarka yake aunawa," in ji mai kemis. "Nata sai a hannunta."

Dattijon yana kallon agogon.

"Ashe na baro ta ba mai dubawa," yake cewa, yana laluben keken.