Faifan da Aka Ce Allurarsa Ta Maƙale

Ku da kuke aikin sauti yanzu da waya a aljihu, bari in ba ku labarin wata Asabar da har gobe ba ta fita raina ba. A farkon shekarun casa'in ne, ina aiki da wani kamfani mai gina magudanan ruwa a ƙasan dam ɗin Goronyo. Ɗan lantarki aka ɗauke ni, amma kowace Asabar bayan la'asar ni ke riƙe da garmaho a kulob ɗin ma'aikata.

Faifan garmaho yana da ƙa'ida. Ta gefe ake kama shi, a goge da ƙyalle mai laushi, a jingine shi tsaye nesa da taga, don zafin Goronyo kan lanƙwasa shi. Sannan in ka ɗora allura, ba ka ɗaga ta sai kiɗa ya ƙare. Haka na koya.

Akwai wasu faya-fayai da Sista Rifkatu, ma'aikaciyar jinyarmu 'yar Zuru, ta ba ni ajiya. Ƙanenta ne ya aiko mata da su daga ƙasar waje kafin ya rasu, ita kuma ba ta da garmaho. Ba hoto a jikinsu, ba sunan mawaƙi, farar takarda kawai a tsakiya. Kiɗan haus ake ce masa da Turanci. Ganga ce mai nauyi tana bugu iri ɗaya, da ƙas-ƙas da shuu a bayanta, ka san ba a babban ɗakin ɗaukar sauti aka yi shi ba. Sai ka yi haƙuri, can wata murya ta leƙo ta koma. Ranar farko na ce wannan ai lugude ne babu mata. Kafin wata ya zagayo na kamu. Rifkatu kan zauna bakin ƙofa ta rufe ido, ba ta rawa, ba ta magana.

Ana nan aka kawo mana sabon manaja, mutumin Wurno, ya zo da rediyo mai kaset da son a ce shi ya kawo gyara. Asabar ɗinsa ta farko ya shigo ina tsakiyar sa faifan Rifkatu. Ya tsaya ya saurara, ya ɗaure fuska.

"Malam Umaru, ba ka da kunne? Allura ta maƙale, wuri guda taka zagayawa."

Na ce masa haka aka yi kiɗan, na nuna masa allura tana tafiyarta. Ya ce to kiɗan ne ya maƙale, kuma duk abin da ke cikin kulob na kamfani ne. A kwashe faya-fayan a kai kicin, tunda faifai ne, mata su rufe ƙorai da su. Ɗaki ya ɗauki dariya. Na dubi Rifkatu, ta sunkuyar da kai, don ƙaramar ma'aikaciya ce, ba ta da bakin magana gaban manaja. Raina ya ɓaci ƙwarai.

"Ranka shi daɗe, wagga amana ta. Ba ni ba da ko guda."

Ya ce in zaɓa, ko faifai ko kulob, kuma in kashe abin nan take. Na harɗe hannu na tsaya.

"Mi kaka jira?"

"Ina jiran shi ƙare, ranka shi daɗe."

Kiɗan kuwa dogo ne. Ba wanda ya sake dariya. Da ya ƙare na ɗaga allura, na goge faifan, na haɗa shi da 'yan uwansa na rungume na fita.

Ranar Litinin aka mayar da ni tashar famfo ta wajen Kagara, daga ni sai inji da sauro. Manaja bai taɓa sauya ra'ayi ba, har ya bar aiki yana cewa kiɗan ya lalace. Ni ma ban nemi afuwa ba. Rifkatu ta zo tana ba ni haƙuri, na ce ta daina, ba ita ta ce in tsaya ba.

Abin da na koya shi ne, a aikin nan manya za su riƙa shigowa su yanke hukunci kafin su saurara. Kunnenka da amanar da aka ba ka su ne naka, kada ka miƙa su don wani ya ɗaure fuska. Da Rifkatu ta yi ritaya na kai mata kayanta tasha da kaina. Ko guda bai lanƙwashe ba, kuma ko guda bai taɓa rufe ƙwarya ba.