An Buɗe Jijiyar, Jini Ya Ƙi Wucewa

Assalamu alaikum. Na daɗe ban ce komai a nan ba. Masu tambayar ina Hamisu mai tumatir na Danja ya shiga, ina nan da raina, amma ran a ɓace yake.

Ina ban ruwa a gona abin ya fara. Nauyi a ƙirji, gumi, hannun hagu ya yi sanyi. Mai kemis ya ce olsa ce, ya ba ni magani na ruwa, na yi ta kwankwaɗa. Sai da na faɗi washegari aka kai ni asibiti a Funtua. Suka gwada bugun zuciya, suka ce jijiya ce ta toshe, a wuce Kano yanzu.

Babban wanmu, Yaya Sule, shi ya tsaya a kaina. Shanun huɗarsa ya sayar aka biya kuɗin aikin.

Ta hannu aka zura min siririyar waya har zuciya, idona biyu, ina jin tsoro kamar me. Da aka fito da ni Yaya ya ce, "An yi nasara, Hamisu. Ka zama sabo."

Na yarda. Da na ɗan ji ƙarfi na koma gona. Magani ya ƙare, ban sake saye ba, tunda ai na warke. Ranar da na saɓa buhun taki numfashi ya tsaya min a wuya. Ƙafafu suka kumbura, kwanciya ta gagare ni sai dai in jingina.

Muka koma Kano. Likita ya yi hoton zuciya, ya dube ni. "Malam Hamisu, wa ya ce ka ɗauki kaya? Ba a yi maka bayani ba?"

Ashe tun kafin aikin ya gaya wa Yaya abin da yake tsoro. Na iso a makare, suga ya hau, gudan jinin da ya toshe jijiyar babba ne. Masu irin wannan, ko an buɗe babbar jijiya, jini kan ƙi shiga ƙananan. Haka kuwa aka yi. Ya ce, "Kai manomin rani ne. An buɗe babbar hanyar ruwa, amma laka ta cushe ƙananan. Wani ɓangaren zuciyarka bai sha ba."

Yaya ne ya roƙe shi kada ya tsorata ni, wai shi zai lallaɓa ya faɗa min a gida.

Na tambayi Yaya dalili. Ya sunkuyar da kai. "Gani na yi hankalinka zai tashi."

Matata ta sani. Ƙannena sun sani. Kowa na yi min sannu yana kallona ina tafiya gona, ba wanda ya iya tsallake maganar babba. Wannan ya fi ciwon yi min zafi.

Yanzu kumburin ya sauka, ina shan magani, ina zuwa masallaci da ƙafata. Fartanya kuwa mun rabu. Zama nake a gindin mangwaro ina nuna wa 'yan ƙwadago aiki.

Na gode wa Allah, na gode wa likitoci. Yaya, na gode, ka ceci raina, kuma har yanzu ina fushi da kai.

Jama'a, ciwon ƙirji mai gumi ba na kemis ba ne, ku tafi asibiti a ranar. Ku riƙa gwada suga. Kada ku bar magani sai likita ya ce.

Idan kuma likita ya ja ɗan'uwanka waje, ka ce su dawo a yi maganar a gabanka. A ƙirjinka zuciyar take.