Rigar da Bunsuru Ya Yi Shimfiɗa da Ita

Bunsurun Babanmu ja ne, ƙosasshe, kuma duk unguwarmu a Gazawa wurinsa ake kawo awaki barbara. Baba na taƙama da shi. Inna kuwa takan ce ko makaho ya zo neman gidanmu ba ya buƙatar ɗan jagora, hancinsa ya ishe shi.

Shekarar da aka ɗauke ni koyarwa a wata lakol, wato makaranta, a garin Cadawa, riga ɗaya tak gare ni wadda zan iya tsayawa da ita gaban darakta, wata farar shadda. Ranar Asabar na wanke ta na shanya a kan danga. Iska ta kaɗo ta, ɗan banzan nan ya same ta a ƙasa ya yi shimfiɗa da ita, har da fitsari. Ga shi Litinin zan kama aiki.

Don tsabar wayo sai na ɗauko turaren ƙanwata na juye rabin kwalba a kai. Da bunsuru ne kawai, yanzu ya koma bunsuru mai shirin zuwa biki.

Inna ta fizge rigar daga hannuna. "Kai dai boko bai ƙare ka da komi ba," in ji ta. "Warin bunsuru ba a ruhe shi, hidda shi ake."

Ta jiƙa ta a ruwan toka, ta ɗauraye, ta matse lemon tsami a inda fitsarin ya taɓa, ta saɓe ta da sabulu ta baza a rana. Da ta bushe ta sunsuna, ta girgiza kai, ta sake daga farko. Sau uku ta yi haka, Lahadin nan kaf. Da la'asar ta kifa kwando a kan kaskon turaren wuta ta lulluɓa rigar. A nan na ga yatsunta duk toka ta cinye su, tausayinta ya kama ni ƙwarai.

Litinin da safe na shiga mota ina ƙamshi kamar ango. Muna shirin tashi direba ya cusa wani bunsuru ɗaurarre a ƙarƙashin ƙafafuna. Na yi magana, ya ce, "Malam, in ba ka so, sauka ka jira wata." Ina halin jira? Kafin mu kai rabin hanya dabbar nan ta gama goge kanta a jikina.

Darakta ya gaisa da ni, ya tashi ya buɗe taga, sannan ya nuna mini ajina.

Ƙarshen mako na dawo gida da rigar a cukuikuye a ƙasan jaka. Ni kunyar wahalar Inna da ta tashi a banza ce ta dame ni. Ai kuwa ta zaro ta, ta kai hanci. Na fara kame-kamen bayani, ta katse ni.

"Sun amshe ka?"

"Sun amshe ni, Inna."

"Alhamdu lillahi. To, tashi ka ɗebo mini toka."