Inda Aka Zuba Ƙasar

Shekara bakwai ke nan da rasuwar Yaya Isiyaku, amma har yau in na zo gadar da titin Grand Concourse ya haye babban titin nan da aka haƙa cikin rami, sai na rage tafiya. A nan yake tsayar da ni, ko da sanyi ake tsugawa, ya leƙa motocin da ke gudu a ƙasa ya ce, "Hadiza, dubi gwalalon mutanen nan." Ni kuwa in ce, "Don Allah Yaya mu tafi, kunnuwana za su guntule."

Gwalalo shi ne ramin da mutanen dā suke haƙawa su kewaye gari, kuma bin sawunsa ne aikin yayana kafin ya zo Amurka. Malamin jami'a ne mai tonon kufai. Yakan kwashe rani guda a daji yana kankare ƙasa, ya dawo gida buɗu-buɗu da fasassun tukwane a jaka. Inna takan ce kowa ya haifi likita, ita gafiya ta haifa. Shi dai dariya yake yi.

Taron masana ne ya kawo shi. Ya sha ba ni labarin wata Baturiya da ta nuna hotunan wani ƙauye a Ingila, wanda aka kafa bayan Rumawa sun watse. Ba bango, ba gini, sai baƙin layi cikin ƙasa inda ramin iyaka ya zagaya. Ya ce zuciyarsa ta buga, domin irinsa yake gani a kufan bayan garinmu. Ya ɗaga hannu ya tambaye ta ɓangaren da masu haƙar suka zuba ƙasar. A wurinsa nan ne maganar take. In an tara ƙasar daga ciki, ganuwa ce, mahara ake tarewa. In daga waje aka tara ta, to na ciki ake hana fita, ko dabbobi ko bayi. Rami ɗaya ne, tudun ne ke faɗa maka wanda ake tsoro.

Mutumin da ya san wannan, shi ne ya zo ya faɗa ramin. Abokai suka ce ya ɗan tsaya ya samu na gyara gida. Ya tsaya, biza ta mutu, aikin jami'a ya tafi. Ya koma jera garin rogo da manja a kantin wani Alhaji ɗan Gana kusa da Fordham Road. Lauya ya ce masa in ya fita, shekara goma ba zai sake shigowa ba, in ya yi haƙuri wataƙila doka ta canza. Wannan wataƙilar ce ta cinye shi. Duk sallah sai ya ce wa Inna baɗi, har Inna ta daina tambaya. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi, in ji masu magana, amma shi gida bai bar shi ba, kullum yana bakinsa.

Da ciwon ƙoda ya kwantar da shi, ni aka turo jinya. Wata rana a asibiti ya riƙe hannuna ya ce, "Kafin bizarki ta cika ki tafi, ko ina numfashi ko ba na yi." Haba Yaya! In tafi in bar ka da wa? Na zauna, kuma ko yau aka sake, zama zan yi. Ya cika bayan tawa bizar ta mutu. Daga baya na auri Malam Sani, mutumin Maraɗi mai tuƙa tasi, Allah ya ba mu 'yan mata biyu. Ina yi musu Hausa, suna amsa mini da Turanci.

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga yau. Wayar da ake ganin fuskar mutum za ta burge shi, shi da ya rasu bai sake ganin fuskar Inna ba. Amma zai ga yadda muka koma. A ƙwanƙwasa ƙofa da sassafe, sai gaban kowa ya faɗi, kada a ce jami'an shige da fice ne. Matan da nake aikin kula da tsofaffi tare da su, wasu sun daina zuwa ko taron suna. Can gida kuma, an ce wasu ƙauyuka sun koma haƙa rami saboda 'yan bindiga. Abin da yake tonowa don karatu, ga shi ana haƙa shi don tsira. Na san zai tambaya ina suka zuba ƙasar.

Yanzu Inna ta tsufa tukuf, idanunta sun fara dushewa. Takan kanga wayar a fuskarta har ba na ganin komai sai goshinta, ta ce, "Hadiza, ke ma baɗin ne?" Wallahi maganar nan tana sukata. In na tafi, shekara goma tsakanina da yarana, babbar ma ba ta cika shida ba. In na zauna, na san irin kiran da zai zo wata rana. Gaba kura, baya sayaki.

Yaya bai bar gida ko fili ba. Tukwanensa ma ban san inda suke ba. Abin da ya bar mini ido ne, don ba na iya ganin shinge ban tambayi wanda aka yi shi dominsa ba, kuma ban sani ba ko gado ne wannan ko nauyi. Allah ya ji ƙansa, ya sa kabarinsa da ke can New Jersey ya fi masa ƙasar nan yalwa.

Sai dai akwai gyara ɗaya da zan yi wa karatunka, Yaya. Iri biyu ka koya mini, na ciki da na waje. Ramin da nake ciki na duba shi da kyau, kamar yadda ka nuna mini. Gefe biyu aka zuba ƙasar. Inna tana bayan wancan tudun, 'ya'yana suna bayan wannan. Jiya ta sake tambayata, na ce mata baɗi.