Takardar Da Ban Sake Rubutawa Ba

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, sha huɗu ga Janairu, 2025, aka bugo mini waya daga Bawku cewa Malama Fadilatu Hudu ta rasu bayan gajeriyar jinya.

Malama, ke kika koya mana tarihi a sakandaren kwana ta Yendi. Mu 'yan zango, wato unguwar baƙi, da muka zo daga Salaga, duk takardar da ta tambayi ƙabila sai alƙalami ya tsaya mana. A ajinki kaɗai ba a yi mana dariya ba. Kin sha ajiye mana tuwo a gidanki ranar ziyara, don kin san hanyarmu da nisa, ba kullum ake zuwa ganinmu ba.

A shekara ta biyu kika ba mu aikin hutu: kowa ya zauna da kakarsa ya rubuto asalinsa. Kakata Kawiya mutuniyar garin Paga ce, da zanen ƙabilarsu a kumatu, fataucin man kaɗanya ya kawo ta Salaga. Ni kuwa na ga a zango kowa da Kano ko Katsina yake tinƙaho, sai na rubuta cewa daga Katsina muke, har na ƙaro mana kaka malami. Na manta cewa tsohuwar ta taɓa kawo mini ziyara, kun daɗe kuna hira a gindin mangwaro.

Ba ki tona ni a gaban aji ba. Kika kira ni gefe, kika miƙo mini takardar babu maki, kika ce, "Raihanatu, rubutunki ya yi kyau, amma ina tsohuwar nan da ta kawo mini man kaɗanya? Koma ki tambaye ta."

Na ji haushi, na ce sai hutu na gaba. Kafin hutun ya zo kaka ta rasu, ko sunan mahaifiyarta ban sani ba. Shekara goma sha uku kunya tana hana ni kiranki, ga lambarki a wayata. Wannan shi ne abin da ke ci mini rai.

Allah Ya gafarta miki, Ya haskaka makwancinki, Ya sa Aljanna ce makoma. Ina miƙa ta'aziyyata ga maigidanki Alhaji Zibrim, da 'ya'yanki Nashiru da Nadiya. Allah Ya ba su haƙuri.

Ga abin da ya rage mini na aikin, Malama, ko da ya makara: ni ce Raihanatu, jikar Kawiya ta Paga.